Kawun da Ya Ƙi Riƙe Yara

Akwai wani mutum a nan garinmu na Thunder Bay, a ƙasar Kanada, mai suna Warren Koskela. Sana'arsa gyaran na'urar ɗumama gida, kuma a garin da ƙanƙara ke kwana a ƙofa rabin shekara, mai irin wannan sana'a ba ya zaman banza. Da wuya ka sami gida a unguwarmu da bai taɓa shiga ba. Ba shi da yawan magana. Zai sauka ɗakin ƙasa da akwatin kayan aikinsa, ya gama, ya wanke hannu, ya kama gabansa.

Abu ɗaya mutane suke riƙe da shi a kansa. Ana cewa Warren ba ya son yara.

In ya zo gyara ya tarar babu babba a gida, ba ya shiga. Mota yake komawa ya zauna har masu gidan su dawo, ko da sanyi zai kashe jaki. An sha roƙonsa ya koya wa yaran unguwa wasan hoki na kan ƙanƙara, tunda a samartakarsa gwani ne, kullum amsarsa a'a. Ya haura shekara talatin da biyar bai yi aure ba. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce rowar fuska ce kawai.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce yayarsa Darlene. Su biyu kaɗai iyayensu suka bari, kuma ita ta ƙarasa rainonsa. Tana aiki a wani gidan biredi, mijinta Glenn yana aiki a rumbunan hatsi na bakin tafki. Suna da 'ya'ya biyu, Tessa mai shekara tara da ƙaninta Milo.

Warren yakan zo cin abinci ranar Lahadi. Yakan kawo kifin da ya kama, ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, amma bai taɓa ɗaukar yaran ya fita da su ba. Glenn mutum ne mai barkwanci, har suna ya sa masa: Malam Kar-a-taɓa-ni. Yakan ce wa yaran, "Ku gaida kawunku daga nesa, kada ku shafa masa datti." Warren sai ya yi murmushi ya ci gaba da cin dankalinsa.

Wata rana cikin hunturu Glenn ya zame daga kan tsani a wurin aiki, ƙugunsa ya karye. Aka ce sai an ɗauke shi a jirgi zuwa Toronto a yi masa aiki. Dole Darlene ta bi shi, kuma makaranta ba ta yi hutu ba.

Ta kira ƙaninta. Ta ce ya dawo gidanta ya zauna da yaran na mako guda.

Warren ya ce zai kai ta filin jirgi, zai kwashe ƙanƙarar ƙofar gida kullum, zai nemo mai raino, duk abin da take so zai yi. Amma shi ba zai kwana da yaran shi kaɗai ba.

"Mijina yana kwance bai san inda kansa yake ba," in ji Darlene, "ni na wanke maka kashi, Warren, yau kuma 'ya'yana ne suka fi ƙarfinka?"

"Ki yi haƙuri, Yaya. Ba zan iya ba."

Ta kashe wayar.

Wata abokiyar aikinta ta karɓi yaran suna kwana a wurinta. Kai su makaranta da ɗauko su kuwa, maƙwabcinsu Howard ne ya ɗauki nauyi tun kafin a roƙe shi. Howard dattijo ne da ya yi ritaya, ya dawo unguwar shekaru kaɗan da suka wuce. Fara'a kamar gonar auduga. Aljihunsa ba ya rabo da alewa, kuma duk yaran layin sun san ƙofarsa.

Bayan sun dawo, Glenn yana dogara sanda, Darlene ta wuce gidan Warren da rana tsaka. Ta same shi a garejinsa yana kwance wani inji. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, dalili ta zo ji, kuma in bai faɗa mata ba yau, to ya ɗauka ba shi da 'yar'uwa.

Warren ya ajiye sifana. Bai iya kallonta ba, bango ya kalla.

Ya ce tun yana ɗan shekara sha biyar ya gane akwai abin da ba daidai ba a tare da shi. Sa'anninsa suna girma, sha'awarsu tana girma tare da su, tasa kuma ta karkata ga ƙananan yara. Ya ce ya tsani kansa, ya yi addu'a, ya yi kuka, abin bai tafi ba. Shekaru ya yi yana ɓoyewa, har ranar da ya ji tsoron kansa da kansa, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar likitar ƙwaƙwalwa. Tun daga lokacin bai daina zuwa ba.

"Ban taɓa taɓa yaro ba, Yaya. Ban taɓa kallon abin da ake cutar da yara a yi shi ba. Kuma ba zan yi ba. Shi ya sa ba na zama da su ni kaɗai. Ba ƙin su Tessa nake yi ba."

Darlene ta tuna duk Lahadin da ya zauna a teburinta, 'yarta tana gefe. Abin da ta iya cewa kawai shi ne kada ya ƙara taka ƙofar gidanta. Ta fita ko ƙofar garejin ba ta rufe ba.

Ba wanda zai ga laifinta a wannan ranar. Uwa ce.

Ta faɗa wa mijinta, domin nauyin ya fi ƙarfinta ita kaɗai. Glenn kuwa, ga zafin ciwo ga zafin zuciya, bai kwana biyu ba ya fesa maganar a shagon kofi inda abokan aikinsa ke taruwa. Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, labarin ya canja kama. Wani ya ce an taɓa kama Warren a wani gari. Wata ta ce ai ita dama ta lura da yadda yake kallon ɗanta, alhali ɗan nata bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Masu kiransa aiki suka ɗauke ƙafa. Aka fesa wa motarsa jan fenti da mummunar kalma. Wani ya kira 'yan sanda, suka zo suka yi bincike, suka duba wayarsa da kwamfutarsa da izininsa, ba su sami komai ba. Wannan labarin bai zaga gari ba kamar na farko.

Warren bai gudu ba, amma ya rame. Ya daina fita sai ranar ganin likita. Daga baya ya ce a wannan lokacin ya fara tunanin da ma bai taɓa buɗe baki ba, har ma yakan ji kamar rayuwar ba ta da sauran amfani. Likitar ce ta riƙe shi da kyau, ta ƙara masa ranakun zuwa.

A can gida kuwa, Darlene ta kasa sukuni. Wata safiya tana taje wa Tessa kai, ta tambaye ta a hankali ko Kawu Warren ya taɓa yi mata wani abin da ba ta so, ko ya ce ta ɓoye wani abu.

Tessa ta yi dariya. "Kawu Warren? Mama, ko rungumarsa na je yi sai ya miƙo min hannu kamar shugaban makaranta."

Darlene ta ci gaba da tazar, amma maganar ta zauna mata. Ta dinga tuna shekarun nan ɗaya bayan ɗaya. Zaman mota cikin sanyi. Ƙin koyar da hoki, wasan da ya fi so a duniya. Zagin da ya sha a bakinta ranar da Glenn ya faɗi, alhali da ya ce to, da ba wanda zai zarge shi da komai. Mai mugun nufi ai irin wannan damar yake nema. Shi kuwa an miƙa masa ya ƙi karɓa, ya gwammace ya rasa 'yar'uwarsa.

Ta aika masa saƙo a waya. Ta ce ba ta yafe ba, ba ta kuma gane ba, amma tana so ta ga likitar nan da idonta. Warren ya ba da izini.

Likitar, Dakta Beaulieu, mace ce mai furfura, ba ta kwana-kwana a magana. Ta gaya wa Darlene cewa abin da ke damun ƙaninta larura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, kuma ba shi ya zaɓa wa kansa ba. Amma ta ce larura ba uzuri ba ce. Abin da mutum yake ji daban, abin da ya aikata daban, kuma duk wanda ya taɓa yaro ya yi zaɓi, hukunci ya hau kansa. Ta ce aikinta shi ne ta taimaki irin su Warren su rayu har su mutu ba su cutar da kowa ba. In kuma ta ga alamar wani yaro yana cikin haɗari, doka ta wajabta mata ta kai rahoto, kuma Warren ya san da haka tun ranar farko.

Darlene ta dube ta ido cikin ido. "Ke za ki bar shi da 'yarki?"

"A'a," in ji likitar. "Shi ma ba zai yarda ba. Da zai yarda, da na fi damuwa."

Sannan ta ce wani abu da Darlene ba ta zo nema ba. Ta ce yawancin masu cutar da yara ba baƙi ba ne, mutanen da gida ya yarda da su ne, kuma ba sa zuwa su faɗa maka abin da ke ransu. Don haka kada ta tsaya kallon fuska, ta kalli hali. Babban da kullum yake neman hanyar keɓewa da yaro. Mai yawan kyauta ga yaro ɗaya. Mai ce wa yaro, wannan tsakaninmu ne. Ta ce ta koya wa 'ya'yanta cewa babu babban da ke da ikon ba su ajiyar sirri, kuma duk ranar da suka zo da magana, kada ta yi ihu, kada ta nuna firgita, ta saurara kawai.

Washegari a teburin karin kumallo Darlene ta kafa dokar. Ta ce a gidan nan ba a ɓoye wa Mama da Baba komai, ko wane ne ya ce a ɓoye, ko malami, ko fasto, ko kawu. Kuma wanda ya faɗa ba za a yi masa faɗa ba. Glenn ya taɓe baki ya ce yanzu kuma likitar mahaukata ce za ta koya musu tarbiyya. Milo ya ce shi sirrinsa shi ne ya ci sukari da cokali. Aka yi dariya, aka tashi.

Ta ci gaba da maimaitawa lokaci-lokaci, ba tare da ta tsoratar da su ba.

Bayan 'yan makonni, suna dawowa daga kasuwa ita da Tessa, yarinyar tana zaune a kujerar baya. Can sai ta ce, "Mama, in mutum ya ba ka kyauta ya ce kar ka faɗa, shi ma sirri ne?"

Darlene ta sami wuri ta faka motar, ta juyo da fuskar da ta yi iya ƙoƙarinta ta saki. Ta ce eh, shi ma sirri ne, kuma ta ji daɗi da Tessa ta tambaya.

Tessa ta zuge jakar makarantarta ta ciro wata ƙaramar waya. Howard ne ya ba ta tun lokacin da Baba yake asibiti. Yana yi mata saƙo kullum, yana cewa ita ce ƙawarsa ta musamman, iyayenta ba sa fahimtarta kamar shi. Ya ce ranar Asabar zai kai ta bukkarsa ta bakin tafki su kama kifi a kan ƙanƙara, ta ce wa Mama da sauran yaran layi za a je. Amma su biyu ne kawai.

"Ni ba na son in yi miki ƙarya," in ji Tessa. "Amma ya ce in na faɗa zai shiga uku, kuma laifina ne."

Darlene ta koma kujerar baya ta rungume ta. Ta ce ba laifinta ba ne ko kaɗan, kuma yau ta yi abin da manya da yawa ba sa iyawa. Ba ta yi kuka a gabanta ba. Daga nan ba gida ta nufa ba, ofishin 'yan sanda ta wuce.

Allah ya kiyaye, Howard bai kai ga taɓa Tessa ba. Amma da aka bi saƙonnin, aka bi tarihinsa zuwa garin da ya baro, sai ga mata biyu, yanzu manya da 'ya'yansu, sun fito sun faɗi abin da ya yi musu suna ƙanana. Shekaru suna ɗauke da shi, ba wanda ya taɓa tambayarsu. Kotu ta ɗaure shi.

Unguwa ta yi tsit. Mutumin da kowa ke tura masa 'ya'yansa ke nan.

Glenn ya fi kowa jin jiki. Shi ne ya riƙa cewa da ma Howard ne kawun yaran nan. Kwanaki ya yi ba ya barkwanci. Ranar da ya ajiye sanda, shagon kofin nan ya fara zuwa. Ya tsaya a gaban mutanen da ya faɗa wa maganar farko, ya ce surukinsa yana da larura, gaskiya ne, amma bai taɓa cutar da kowa ba, 'yan sanda sun bincika, kuma shi da ƙafarsa ya kai kansa wurin magani tun kafin kowa ya sani.

"Ni na ɓata masa suna a wurin nan," ya ce, "kuma ta dalilin likitarsa 'yata ta tsira. Wanda zai yi gulma, ya haɗa da wannan."

Wani ya ce shi dai ko a mafarki ba zai bar irin wannan mutum ya shiga gidansa ba. Glenn ya ce gidansa ne, ikonsa ne, amma ya daina faɗin abin da bai faru ba.

Ba kowa ne ya dawo ba. Har yau akwai masu tsallaka titi in sun hango Warren, kuma shi bai taɓa ganin laifinsu ba. Amma wasu sun ci gaba da kiransa aiki, suna gida yana gyara, kamar yadda shi ma ya fi so.

Da bikin godiya ya zo a watan Oktoba, Darlene ta gayyace shi. Ta faɗa masa sharuɗɗanta ba ɓoye-ɓoye: ba zai keɓe da yaran ba, ba waya tsakaninsa da su, kuma ranar da ya daina zuwa wurin likita, ranar ce ta ƙarshe a gidanta. Warren ya ce sharuɗɗan nata sun fi nasa sauƙi. Ya zo, ya zauna a teburi, Glenn ya yanka talotalo ya zuba masa cinya, ya ce masa ya ci, ai ya rame ya koma kamar sandar shara. Darlene ta lura ƙaninta yana cin abinci idonsa yana kawo ruwa. Ta ƙara masa miya.

Ana shiga sabon hunturu, wani saurayi ya kira Warren ya ce na'urar gidansa ta ƙi tashi. Da ya je ya duba, lafiyarta ƙalau. Saurayin yana tsaye a bakin matakala, bai fi shekara ashirin da biyu ba, fuskarsa ta yi fari fat.

"Na ji labarinka," ya ce. "Ban yi wa kowa komai ba. Amma ina jin tsoro. Wannan likitar, tana karɓar sababbin mutane?"

Warren ya rufe akwatin kayan aikinsa. Ya ce masa ya ɗauko rigar sanyinsa, ofishin bai tashi ba tukuna, shi zai kai shi.

Darasi: Kare yaro shi ne gaba da komai, kuma duk wanda ya cutar da yaro ba shi da uzuri, hukuma ce maganinsa. Amma wanda ya ga ciwo a zuciyarsa ya nemi magani tun bai taɓa kowa ba, kada mu kore shi ya koma ɓuya, domin a ɓoye ne ɓarna take girma. Ku kalli hali, ku bar kallon fara'a. Ku koya wa 'ya'yanku cewa babu babban da zai ba su ajiyar sirri, in kuma sun zo da magana ku saurara da sanyin rai. Ku tura wa iyaye da malaman da kuka sani wannan labari, wataƙila akwai yarinyar da ke jiran a tambaye ta.